Takarda Mai Harafin B: Zamana da 'Ya'yan Ruwanda a Brussels

Ƙanena ya daɗe a Brussels yana harkar tsofaffin motoci a titin Heyvaert, inda ake tara motocin da Turawa suka gaji da su, a kai su tashar jiragen ruwa ta Antwerp, su sauka Kwatano, daga can su iso mana Maraɗi da Kano da sunan 'yan Beljiyam. Shi ya aiko mini da takardar gayyata. Na tashi daga Yamai, muka ya da zango a Kasabalanka, na sauka filin jirgin Zaventem a farkon watan Yuni. A wannan lokaci rana ba ta son faɗuwa a ƙasar. Sai wajen ƙarfe goma na dare ake sallar magariba, kafin mutum ya yi barcin kirki kuma asuba ta yi. Lokacin jarrabawa ne kuma. Ni da nake koyar da lissafi a sakandare ban buƙaci a gaya mini ba, domin duk motar da na shiga sai na ga yara sun duƙufa kan 'yan takardu masu launi suna ta motsa baki.

A gidan ƙanena ma hankali a tashe yake. 'Yarsa ta fari tana aji shida na firamare, tana fuskantar jarrabawar da suke kira CEB, wadda ake rubutawa iri ɗaya a duk makarantun da ke koyarwa da Faransanci: harshen Faransanci, lissafi, kimiyya, tarihi da labarin ƙasa. Mai yi mata bita wata budurwa ce 'yar shekara 17 da ke zaune a benen da ke samansu. A Brussels aka haife ta, iyayenta kuwa 'yan Ruwanda ne. Kullum da yamma takan sauko da fensir a gashinta, ta gaishe ni da ladabi, su zauna a teburin kicin. Na tsaya ina kallon yadda take koyar da rabon lamba. Ba ta taɓa faɗin amsa. Takan zana doguwar sanda a takarda, ta tsaga ta gida takwas, ta rufe gida uku da yatsa, ta yi shiru tana jira. In 'yar tamu ta yi kuskure, sai ta ce, "To, bi ni a hankali ki nuna mini inda kika samo wannan," har yarinyar ta kama kanta da kanta. Malamai da yawa masu takardar koyarwa ba su iya wannan haƙurin ba. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce wani tsoho ne a makarantar bita ta unguwa, in ina so ranar Laraba sai mu je tare.

Ranar Laraba a Beljiyam rabin yini ake yi a makaranta. Bayan azahar muka tafi wani ɗaki a ƙarƙashin ginin coci, mai ƙaramar taga a saman bango wadda ba a ganin komai ta cikinta sai takalman masu wucewa. Tebura ne dogaye da kujerun roba, allo fari, da butar shayi a kusurwa. Irin waɗannan wurare suna da yawa a birnin, mafi yawan masu koyarwa a cikinsu sa kai suke yi. Yaran da na tarar akwai 'yan Maroko, 'yan Kwango, 'yan Gini, amma 'yan Ruwanda da Burundi sun fi yawa, saboda tsohon da ke riƙe da wurin ɗan Ruwanda ne, malamin sakandare ne tun a can gida kafin gudun hijira ta kawo shi nan. Da ya ji sana'ata sai ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ja mini kujera kusa da shi, ya ce, "Malam, zauna in nuna maka abin da ke cinye mana yara."

Ya fito da wata jakar takardu mai kauri, ya zaro guda uku ya jera. Ya ce daga aji uku na sakandare, a ƙarshen kowace shekara malaman aji sukan zauna su yanke wa kowane ɗalibi hukunci, su ba shi ɗaya daga cikin takardun nan. Mai harafin A ya wuce. Mai harafin C ya faɗi, sai maimaitawa. Ya ɗora yatsa a kan ta tsakiya ya daɗe bai ɗaga ba. Mai harafin B an ce ya wuce, amma da sharaɗi: an rufe masa wani sashe. Sakandaren ƙasar rabe take, akwai sashen ilimi na gama-gari wanda ke shirya yaro don jami'a, akwai na fasaha, akwai na koyon sana'a. Yaron da ya sauka daga na farko zuwa na biyu, ko daga na biyu zuwa na uku, da wuya ya sake hawowa, shi ya sa su kansu 'yan ƙasar suke kiran tsarin magangarar ruwa. Wanda ya gama sashen sana'a ma sai ya ƙara shekara ta bakwai kafin ya samu takardar da ke buɗe ƙofar ilimi mai zurfi.

Abin da ya fi damun tsohon shi ne yadda ake isar da maganar. Ya ce ba wanda zai ce maka ɗanka daƙiƙi ne. Da murmushi za a ce, yaron nan zai fi sakewa a inda ake aikin hannu. Uban da ya taso a inda maganar malami ba ta da ɗaukaka ƙara, kuma ya ga an rubuta "ya wuce", sai ya sa hannu har da godiya. Sai bayan shekara biyu ya gane cewa hanyar likita da injiniya ta daɗe da rufewa. Alhali doka ta ba iyaye damar ƙalubalantar hukuncin, da farko a cikin makarantar, in bai yiwu ba a gaban wata hukuma ta waje, kuma yaro na iya zaɓar ya maimaita ajin ya zauna a sashensa. Sai dai wa'adin ƙorafin 'yan kwanaki ne ƙalilan a ƙarshen shekarar karatu, lokacin da kowa ya gaji, wasu ma sun riga sun sayi tikitin hutu. Jakar nan tasa cike take da wasiƙun ɗaukaka ƙara da ya taya iyaye rubutawa.

Ba zargi ba ne na tsoho ɗaya. Jarrabawar PISA, wadda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasa da ƙasa, OECD, take yi wa 'yan shekara 15 tun 2000, ta sha nuna Beljiyam cikin ƙasashen da tazarar da ke tsakanin 'ya'yan baƙi da 'ya'yan 'yan ƙasa ta fi faɗi. A zagayen 2015, kusan rabin 'yan shekara 15 na ɓangaren ƙasar da ke magana da Faransanci sun riga sun maimaita aji aƙalla sau ɗaya. Hukumomi sun san da matsalar, sun kuma fara wani gyara da nufin a bar yara a tafarki ɗaya har shekara 15 kafin a rarraba su, amma gyaran aji-aji yake hawowa, waɗanda ke gaba da shi tsohon tsari ne ke kansu.

A kusurwar ɗakin na lura da wani saurayi dogo, shi kaɗai, yana bin layin littafi da yatsa kamar ɗan aji biyu. Na zauna kusa da shi na ba shi wani lissafi da nake ba 'yan ajin ƙarshe a Maraɗi. Kafin in gama shan shayina ya warware shi, ya rubuta bayanin da Ingilishi. Shekararsa 14 aka ɗauko shi daga Kigali ya zo ya iske mahaifiyarsa. A 2008 gwamnatin Ruwanda ta sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Ingilishi, don haka yaran da ke zuwa yanzu da Kinyarwanda da Ingilishi suke sauka, a birnin da makarantunsa Faransanci ne ko Holanci. Akwai ajin karɓar baƙi da ake kira DASPA, inda yaro zai iya yin shekara guda, a ƙara masa wata shida in da buƙata, kafin a sa shi a aji na sosai. Wata goma sha takwas ya isa mutum ya iya ciniki da hira, amma bai isa ya rubuta sharhin adabi kafaɗa da kafaɗa da wanda aka haifa cikin harshen ba. Idan aka auna wannan yaro da Faransancinsa, ƙasa za a tura shi, ƙwaƙwalwar lissafin nan ta tafi a banza. Wannan abu ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Bayan kwana biyu iyayen budurwar suka gayyace mu cin abinci. An dafa wake, da ayaba ɗanya da aka dafa cikin miya, da dakakken ganyen rogo da suke kira isombe, aka kawo tsire, da madara mai tsami irin kindirmonmu. A bangon falo akwai gicciye, da hotunan mutane baƙi da fari a jere, da takardun sakamakon yara cikin gilashi. Uwar gidan ma'aikaciya ce a gidan kula da tsofaffi, ta dawo daga aiki ke nan ƙafafunta a kumbure, amma ba ta zauna ba sai da kowa ya ƙoshi. Da matar ƙanena ta yaba mata kan yadda take tsaye a kan karatun yara, sai ta ajiye cokali ta ce, "Maƙwabciya, ni an hana ni ne, shi ya sa."

Ta ce ita ce take zuwa ta ɗaya a ajinsu tun daga farkon firamare har ƙarshe, a wani ƙauye na kudancin Ruwanda. Ta rubuta jarrabawar shiga sakandare, aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka, babu nata, kuma ba a nuna wa kowa makinsa ba. Zamanin Shugaba Juvénal Habyarimana ne, wanda ya karɓi mulki a 1973, lokacin da ake raba gurabun sakandare da aikin gwamnati bisa ƙabila da yanki. 'Yan ƙabilar Tutsi an ƙayyade musu kaso kaɗan, 'yan kudu kuma, ko 'yan ƙabilar Hutu ne, suna bayan 'yan arewa inda shugaban ya fito. Ba ta ce mini wanne daga cikin biyun ya kayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙanena ya riga ya ja mini kunne cewa wannan tambaya ba a yin ta a gidan ɗan Ruwanda.

Mijinta ne ya ɗora daga nan, cikin murya ƙasa-ƙasa. Ya ce makaranta a ƙasarsu ta daɗe tana zama wurin zaɓen waɗanda za su ci da waɗanda za su kalla. Sojojin Beljiyam sun ƙwace Ruwanda daga hannun Jamus a 1916. A shekarun 1930 suka fito da katin shaida mai ɗauke da ƙabilar mutum, suka kuma fifita 'ya'yan sarakunan Tutsi a babbar makarantar Astrida, garin da daga baya aka kira Butare, yanzu kuma Huye. Da guguwar 1959 ta taso, abin ya juye, dubban Tutsi suka tsere zuwa Yuganda da Burundi da Kwango da Tanzaniya, ƙasar ta samu 'yanci a 1962 da wannan miki. A farkon 1973 an kori ɗaliban Tutsi daga makarantu da jami'a. Sai kuma 1994, kisan ƙare dangin da aka yi wa Tutsi, wanda cikin kwana kusan ɗari ya ci rayuka wajen 800,000 ko fiye, har da Hutu da suka ƙi goyon baya. Ya ce duk wanda ya taɓa gudu ya san shanu ba sa tsallake iyaka da kai, gona ma haka, abin da ke cikin kai kawai ke wucewa ba a ƙwace ba. Shugaba Paul Kagame kansa a sansanin 'yan gudun hijira a Yuganda ya tashi, ya yi karatu a makarantar Ntare da ke Mbarara.

Shi mai gidan ya karanta aikin gona a jami'ar Butare. A Brussels tasi yake tuƙawa da dare. Ya yi ta fafutukar a daidaita masa takardunsa da na ƙasar, shekaru suka ja, yara suka zo, haya ba ta jira. Ya ce in na shiga tasi a birnin nan na iske ɗan Ruwanda a kan sitiyari, in tambaye shi me ya karanta, zan sha mamaki. Wani bincike da Gidauniyar Sarki Baudouin ta fitar a 2017 kan 'yan asalin Kwango da Ruwanda da Burundi a Beljiyam ya gano cewa sama da kashi 60 cikin ɗari nasu suna da takardar ilimi mai zurfi, amma rashin aikin yi a cikinsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau huɗu.

Duk wannan hira ɗansu na biyu yana zaune a ƙarshen tebur bai ce uffan ba. Shekararsa 15, yana aji uku, kuma kowa a gidan ya san ana jiran hukuncinsa, don ya yi rauni a lissafi da Holanci. Da uban ya juya kansa ya fara cewa karatu ne kaɗai gadon da zai bar musu, yaron ya ɗaga kai ya ce, "Baba, kai ma ai ka yi karatun." Falon ya yi tsit. Ba rashin kunya ya yi ba, muryarsa na rawa ya faɗa. Kullum da asuba yana jin shigowar ubansa, yana ganin digirin a bango. Uban ya daɗe yana kallon farantinsa, sannan ya ce, "Na yi, ɗana. Tawa takardar daga wata ƙasa ta zo. Taka a nan za a buga mata hatimi."

Na daɗe ina juya wannan musaya. Uban yana da gaskiya, takardar da aka samu a ƙasar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yaron ma bai yi ƙarya ba, domin suna da launin fata suna biyo mutum har ɗakin neman aiki da wajen neman haya. Iyayen da suka ce wa yaro karatu zai share masa komai, ranar da ya gano ba haka ba ne sai ya daina yarda da sauran maganarsu. Na fi ganin alheri a yadda tsohon makarantar bita yake gaya musu ƙeƙe-da-ƙeƙe cewa za a sa musu shinge, takardar kuwa ita ce abin da za su taka su tsallake.

Ranar Asabar na bi yaran uku, budurwar da ƙanenta da 'yarmu, zuwa Tervuren. Daga tashar Montgomery ake shiga taragon lantarki mai lamba 44, ya ratsa cikin daji mai dogayen itatuwa har ƙarshen layi. A can ne gidan tarihin Afirka yake, wanda asalinsa Sarki Leopold na Biyu ya kafa don tallata mulkinsa a Kwango. A baje kolin 1897 an kawo 'yan Kwango 267 aka ajiye su a filin ana kallo, bakwai suka mutu, kaburburansu na nan jikin cocin garin. An rufe gidan aka yi masa gyara, aka sake buɗewa a ƙarshen 2018. Muka tsaya gaban kwanduna masu murfi mai tsini da matan Ruwanda ke saƙawa, budurwar ta ce akwai irinsu a ɗakin mahaifiyarta. Na tambaye su abin da ake koya musu a aji game da mulkin mallaka. Suka ce ya danganta da malami: wani ya yi mako biyu a kai, wani ya wuce shi a darasi ɗaya, kuma kusan duk Kwango ce, Ruwanda sai an zo kan 1994.

A kan ciyawar gaban tafki, muna cin burodi, budurwar ta ba ni labarin ranar da aka zo kan 1994 ɗin a ajinsu. Malamar ta rubuta sunan ƙasar a allo, sai duk ajin ya juyo yana kallonta. Wani yaro ya tambaye ta, ke Hutu ce ko Tutsi, su wa suka kashe su wa a danginku? Malamar, da kyakkyawar niyya, ta ce ko za ta so ta ba su labari. Ita kuwa ba ta da labarin. Ta san fuskokin da ke bangon falonsu, ta san duk watan Afrilu mahaifiyarta ba ta barci, ta san ranar 7 ga wata ake fara zaman makoki kuma mutane sukan taru a wurin dutsen tunawa da ke Woluwe-Saint-Pierre. Abin da ya wuce haka ba a taɓa gaya mata ba. Ta ce ta fita ta shiga bayi ta kulle kanta har aka tashi. Watan Afrilu kuwa shi ne lokacin da ake fara shirin jarrabawar ƙarshen shekara, gida na cikin juyayi, ba wanda zai rubuta wa makaranta wasiƙa ya bayyana dalili.

Abin ya fi haka sarƙaƙiya. Brussels ta tara waɗanda suka tsira daga kisan, da waɗanda suka gudu bayan Yulin 1994 da gwamnati ta faɗi, da waɗanda suka ɓata da gwamnatin yanzu daga baya. Har waɗanda ake tuhuma akwai. A 2001 kotun Brussels ta yanke wa 'yan Ruwanda huɗu hukunci kan kisan, biyu daga cikinsu mata masu zaman zuhudu na coci. Iyaye sun san cocin da za su je da shagon da ba za su shiga ba a Matonge, unguwar 'yan Afirka da ke kusa da Porte de Namur. 'Ya'yansu kuwa benci ɗaya suke zama. Budurwar ta ce babbar ƙawarta a aji 'yar Ruwanda ce, tare suke bita tun aji ɗaya, amma ba wadda ta taɓa taka gidan ɗaya. Da Ruwanda ta yanke hulɗar jakadanci da Beljiyam a watan Maris na 2025 kan rikicin gabashin Kwango, manya suka yi ta muhawara a waya, su kuwa yaran suna da jarrabawar kimiyya washegari.

Ita likitanci take nema. Na tambaye ta ko ita ke so ko iyayenta. Ta yi ɗan tunani ta ce ba ta iya raba biyun. Ta ce in ta kawo maki 16 cikin 20, mahaifiyarta takan tambayi inda huɗun suka tafi, kuma ba ta jin haushi, don ta san wace yarinya ce aka hana shiga sakandare. Amma ta ce wani lokaci ji take kamar ba ita kaɗai ke zaune a kujerar jarrabawa ba, har da duk mutanen da ke bangon falo. Shiga likitanci a ɓangaren masu Faransanci gasa ce tun 2023, sau ɗaya a shekara a ƙarshen Agusta, ana ɗaukar iya adadin da aka ƙayyade. Hutun bazararta duka a ɗakin karatu zai ƙare. Ina sha'awar yarinyar nan, ina kuma tausayinta, don ɗan shekara 17 bai kamata ya ɗauki nauyin matattu shi kaɗai ba. Na gaya wa mahaifiyarta haka a hankali da muka haɗu a matakala. Ta ce, "Malam, na ji. Zan gwada."

Na leƙa ɓangaren masu Holanci ma, garin Denderleeuw, tafiya kaɗan a jirgin ƙasa, inda iyalai 'yan Afirka da yawa suka koma saboda sauƙin gidaje. A can yaran Kinyarwanda suke ji a gida, Faransanci a coci, Holanci a makaranta, Ingilishi a waya. Iyayen sun ce da gangan suka zaɓi haka, don mai Holanci da Faransanci ya fi samun aiki a Brussels. Kuɗin da suke biya shi ne ba sa iya karanta wasiƙar da makaranta ta aiko sai yaron ya fassara musu, yaro kuwa ya san abin da zai tsallake.

A ƙarshen Yuni sakamako ya fito. 'Yarmu ta ci CEB. Makarantar da za ta shiga ma matar benen sama ce ta taya su zaɓa tun watannin baya, lokacin cike takardar jera makarantu, ta gaya wa matar ƙanena wadda za ta sa a farko da wadda za ta guje wa. Ƙanena, wanda a da bai san komai game da A da B da C ba, yanzu ya haddace su, ya ce mini, "Yaya, gemun maƙwabci ya kama wuta, dole in shafa wa nawa ruwa."

Domin yaron benen sama B aka ba shi, an rufe masa sashen gama-gari. A daren uban bai fita aiki ba. Washegari da sassafe muka ɗunguma wurin tsohon, ni ma aka ce in zo in duba takardun lissafin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Makinsa ya yi ƙasa sosai a tsakiyar shekara, amma daga Mayu ya fara hawa, a jarrabawar ƙarshe saura kaɗan ya kai rabi. Kurakuransa na gaggawa ne, hanyar kuwa ya gane ta. Na faɗi haka, tsohon ya rubuta cikin Faransanci mai ladabi, ya jera hujjoji da kwanan wata, bai zargi kowa ba.

Kafin a sa hannu tsohon ya yi abin da ban ga iyayen sun yi ba. Ya juya ga yaron ya ce, "Kai fa, me kake so?" Yaron ya ce shi aikin wutar lantarki yake so, shi ke gyara duk abin da ya lalace a gidan. Uban ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya bayyana wa yaron cewa sana'a ba abin kunya ba ce, mai aikin lantarki a ƙasar nan yana samun abin da ya fi na wasu masu digiri. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya shiga da ƙafarsa da wanda aka tura. Idan ya ƙarfafa lissafinsa, zai iya shiga sashen fasaha mai ƙarfi, daga can har injiniyan lantarki yana iya zama. Idan ya gangara yanzu da raunin lissafi, a ƙasan ma zai sha wuya. Ra'ayina ya zo ɗaya da nasa.

Makarantar ta saurari iyayen, ta ce tana nan kan bakanta. Suka tura ƙarar hukumar waje, wadda ke zama a cikin Agusta, lokacin na riga na dawo Maraɗi. Ƙanena ya shaida mini a waya cewa hukumar ma ta tabbatar da hukuncin. Yaron da kansa ya zaɓi ya maimaita aji uku a sashen gama-gari, bisa sharaɗin da ya gindaya wa ubansa a gaban tsohon: in ya ci shekarar da A, shi zai zaɓi sashen da zai shiga, ko da na lantarki ne, kuma ba wanda zai hana shi. Uban ya amince. Ranar Laraba da Asabar yana zuwa bita, saurayin nan na Kigali ke koya masa lissafi, shi kuma yana gyara masa Faransanci.